Daga tubali zuwa bulo: yadda ginin ƙasa ya sauya a yankin Cadakori

Da zarar damana ta wuce, bakin kududdufai a ƙauyukan Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji, kan cika da matasa masu buga bulo. Sana'a ce mai dogon tarihi, kuma a kanta rufin asirin yawancin gidajen karkara ya dogara.

A da, tubali ake yi da hannu. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake ta, a bar ta ta kwana, sannan a mulmula ta mai faɗin gindi da tsinin kai, rana ta busar. Magina kan jera shi su yi katanga mai kauri, su rufa ɗaki da azara, su shafe bango da makuba don ruwa ya zame.

Bulo mai kusurwa huɗu, wanda ake bugawa cikin akwatin katako, ya bazu ne a zamanin Turawan Faransa. Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta sa aka tashi birnin daga fadama zuwa tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu. Irin wannan gini ya fi sauri da bulo, kuma sannu a hankali ƙauyuka suka ɗauka. A shekarun 1960 kamfanin siminti na Malbaza ya fara aiki, rufin kwano kuma ya yawaita.

Me ya hana gasasshen bulo karɓuwa? Itace ne. Gasa ƙasa na cin itace mai yawa, a yankin da fari ya riga ya cinye daji. Shi ya sa tun 1980, daga Cikal, aka koya wa magina rufin ƙasa mai kubba wanda ba ya bukatar azara. A Dandaji, jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina masallaci da matsattsen bulon ƙasa, aka kammala a 2018.

Ruwan 2024 ya rusa gidaje masu yawa a jihar Maraɗi. Sau da yawa ba ƙasar ce ke da laifi ba: ruwa ne ke cin gindin katanga. Tushe na dutse ko siminti, indararo mai zubarwa nesa, da sabunta yaɓe kafin ruwan farko, su ne ke tsawaita ran ɗaki.