Wane irin yumɓu ya dace da 'yan makaranta?

A ƙauyuka irin su Kwandiko, a yankin Birnin Kudu da Gwaram na kudancin jihar Jigawa, malamin firamare da ke son koya wa yara ginin tukwane ba ya buƙatar aikawa Kano a sayo masa yumɓun roba na kanti.

Wannan yumɓu yana da tsada, yana sakin jiki idan aka yi zafi, kuma ba ya bushewa balle a gasa shi. Na fadama ya fi shi, matuƙar an iya zaɓe.

Gwajin ba shi da wuya. A jiƙa ɗan curi, a murza shi tsakanin tafuka har ya zama kamar igiya, sannan a naɗa shi a yatsa. Idan ya kakkarye, yashi ya yi masa yawa. Idan kuwa ya naɗu amma yana manne wa hannu, danƙo ne ya yi yawa, kuma zai tsattsage, domin yumɓu yana tsukewa yayin da ruwa ke fita daga cikinsa.

Magina tukwane kan magance haka ta hanyar daka tsingaro su cuɗa garinsa a ciki. Sai a shanya abin da aka gina a inuwa, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da bayan tukunya alhali cikinta yana ɗanye.

Babban haɗarin yana wurin ɗibar yumɓun ne. Mafi kyawunsa yakan kasance a bakin kududdufi, inda dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya yake rayuwa, kuma ƙwayar cutar tana ratsa fatar wanda ya shiga ruwan. Ramin da aka rarake ƙarƙashinsa kuma yana iya ruftawa. Don haka bai kamata a tura yara ba, ko da yake aikensu shi ne ya fi sauƙi. Manya su ɗebo, a busar da shi sarai, a daka a tankaɗe nesa da yara saboda ƙura, sannan a kwaɓa da ruwan famfo.

Launi ma ba sai an saya ba. Jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi, idan aka dama su da ruwan ƙaro, suna kama jikin kasko ko asusu. Da jan launi na ƙasa aka zana shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, waɗanda masana tarihi suka fara nazarinsu a shekarun 1950, kuma har yanzu ana iya ganinsu.