SAHUR DA SAƘON DA KITSE KE AIKA WA ƘWAƘWALWA



Ya kai maigida, kwanan baya wani ya same ni nan Danchadi, ya ce ya daina sahur don tumbinsa ya ragu. Na ce mai: zauna ka ji.

Cikin kitsen jikinka Allah Ya sanya wani sinadari, likitoci na kiransa leptin. Wani masani a Amurka, Jeffrey Friedman, shi da abokan aikinsa sunka gano shi a 1994. Aikinsa kamar na yaron da ake aike ya leƙa rumbu ne, ya dawo ya shaida wa ƙwaƙwalwa ko hatsi na nan ko ya yi ƙasa.

In ka daɗe ba ka ci ba, leptin na faɗuwa tun kitsen bai ragu ba. Sai ƙwaƙwalwa ta shiga tsimi, kamar gidan da ya hango fari:

1. Yunwa ta ƙaru.
2. Sinadarin maƙogwaro mai sa jiki ya ƙona abinci ya ragu.
3. Sinadaran haihuwa su ja baya, har al'adar mace ta iya ɗaukewa.
4. Sojojin jini masu yaƙar cuta su yi sanyi.

Azumin alfijir zuwa magariba ba ya kai mai lafiya ga wanga hali, muddin yana ci da dare. Yunwar da ta zarce ce ke kai shi. Ka ga hikimar da ta sa Annabi (SAW) ya hana wisali, wato haɗa azumi ba buɗe-baki, ya kuma kwaɗaitar da mu sahur.

Mai tumbi kuwa, leptin ɗinsa ya ma yi yawa, ƙwaƙwalwar ce ta daina jin saƙon. Barin sahur ba ya gyara wannan. Rage zaƙi da soye-soye, da yawan tafiya a ƙasa, su ne hanya.

Don haka ka jinkirta sahur: fura da nono, wake ko zogale, da ruwa isasshe. Ka buɗe baki da dabino, ka yi salla kafin tuwo. Bayan tarawihi ka kwanta, domin ƙarancin barci na rage leptin, ya ƙara kwaɗayi.

Ka duba iyalinka. Mai ciki, mai shayarwa da marar lafiya, shari'a ta yi musu rangwame, kada ka matsa musu. Mai ciwon suga ya ga likita kafin ya ɗauki azumi.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. A tura wa 'yan'uwa.