Baƙin tabo a tafin ƙafa: Me wayar hannu za ta iya yi wa mai sankarar fata a Suleja?

A Suleja, kamar a sauran garuruwanmu, baƙin tabo a tafin ƙafa bai cika kai mutum asibiti ba. Wani zai ce ƙaya ce ta karye a ciki, wani ya ce faso ne ya yi zurfi, wani kuma ya rantse asiri aka taka. Daga nan sai a nufi wanzami ko mai kemis. Sau da yawa sai tabon ya fashe ya zama gyambo, kaluluwa ta fito a matsematsi, kafin a tuna da likita. A irin wannan jinkiri ne cutar melanoma, wadda ta fi kowace sankarar fata saurin kisa, take samun damar bazuwa a jiki.

Cutar tana farawa ne daga ƙwayoyin da ke samar da launin fata. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mutum fiye da 330,000 ne suka kamu da ita a duniya, kusan 59,000 kuma suka rasu. Ga Turawa, zafin hasken rana ne babban sanadinta. Ga baƙar fata kuwa, ta fi fitowa a wuraren da rana ba ta cika dukansu ba: tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Irinta ce ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36, bayan ta fara da tabo a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafarsa a 1977.

Tazarar da ke tsakanin gida da asibiti

Wanda aka gano yana da cutar a Babban Asibitin Suleja, galibi za a tura shi gaba ne, ko dai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, wani lokaci har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Tiyata ce matakin farko: a yanke tabon tare da ɗan naman da ke kewaye da shi, a wasu lokutan har da yatsa. Idan cutar ta riga ta bazu, sai a koma ga magunguna.

Ganin likita na ɗaukar mintoci ne kawai, jinya kuwa makonni ce da watanni, kuma a gida ake yin ta. Tsakanin wannan ganawa da ta gaba, mara lafiya da masu jinyarsa ne kaɗai ke ganin abin da ke faruwa. Su ne za su yanke shawara ko zazzaɓin daren jiya ya isa a biya kuɗin mota a bi cunkoson Madalla da Zuba, ko kuwa a sha farasitamol a jira. Wannan giɓi ne manhajojin lafiya suke ƙoƙarin cikewa.

Abin da bincike ya tabbatar

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke birnin New York a Amurka. Dakta Ethan Basch da abokan aikinsa sun raba masu ciwon daji 766 gida biyu. Rukuni ɗaya yana cike amsar tambayoyi ta intanet kan alamomi 12, irin su ciwo, amai, gudawa da sarƙewar numfashi, kuma duk lokacin da alama ta tsananta sai saƙo ya je wa ma'aikaciyar jinya. Ɗaya rukunin ya ci gaba da kulawa irin ta yau da kullum. Sakamakon da aka wallafa a mujallar JAMA a 2017 ya nuna cewa matsakaicin tsawon rayuwar rukunin farko ya kai wata 31, na biyun kuma wata 26. Babu wani sabon magani da aka ƙara. Labari ne kawai ya riƙa isa ga masu kula da wuri.

Masu ciwon mama, huhu, mafitsara da al'aura ne aka yi wannan gwaji da su, amma darasinsa ya shafi melanoma kai-tsaye saboda irin magungunan da ake ba masu ita a yau. Tun daga 2011, lokacin da Amurka ta amince da ipilimumab, sannan pembrolizumab da nivolumab a 2014, aka samu magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar da kanta. Da pembrolizumab aka yi wa tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter magani a 2015, bayan cutar ta kai hantarsa da ƙwaƙwalwarsa, ya kuma rayu har zuwa Disamban 2024.

Sai dai garkuwar da aka zaburar takan juya ta afka wa hanji, huhu, hanta ko fata. Gudawar da ta ƙi tsayawa, ko tari, ko ƙuraje, ko matsananciyar kasala, na iya zama alamar haka. A ƙasar da ake fassara kowane zazzaɓi da maleriya, kowane ciwon ciki da taifod, haɗarin a fili yake: mara lafiya zai shafe mako yana shan maganin da bai shafi matsalarsa ba. Manhajar da ke tambayarsa kullum sau nawa ya zagaya, ta kuma sanar da asibiti idan adadin ya wuce kima, tana iya hana ƙaramar matsala zama ta kwanciya. Waɗannan magunguna suna da tsadar da ta fi ƙarfin yawancin iyalai, amma mai shan sauran magungunan daji da wanda ke jinyar raunin tiyata su ma suna buƙatar irin wannan sa-ido.

Aiki na biyu shi ne lura da dawowar cutar. A Jami'ar Aberdeen da ke Sikotland an ƙirƙiro manhajar ASICA, wadda ke tunatar da wanda aka yi wa magani ya duba fatarsa kowane wata, ta nuna masa yadda ake dubawa, ta kuma ba shi damar aika hoton duk abin da ya ba shi shakka ga ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya. A nan gida ma akwai yunƙuri. Dakta Omolola Salako, likitar ciwon daji a Legas, ta kafa Oncopadi a 2017 domin haɗa masu cutar da likitoci ta waya, tare da ba su hanyar kai rahoton illolin magani.

Inda ya kamata a yi hattara

Akwai wasu manhajoji da ke cewa a ɗauki hoton tabo, su kuma su faɗi ko daji ne ko a'a ta hanyar ƙirƙirarriyar basira. Wani nazari da mujallar BMJ ta Birtaniya ta wallafa a 2020 ya kammala da cewa ba za a dogara da su wajen gano duk masu cutar ba. Ga baƙar fata matsalar ta fi haka girma. A 2021 masu bincike daga Oxford sun duba tarin hotuna fiye da 100,000 da ake horar da irin waɗannan na'urori da su. Cikin hotuna 2,436 da aka rubuta launin fatar masu su, 10 ne na masu fata mai ruwan ƙasa, ɗaya tak na mai baƙar fata. Na'urar da ba ta taɓa ganin tafin ƙafar manomin Gauraka ba, idan ta ce masa babu komai, ta ƙara masa dalilin zama a gida ne kawai. Tabbatar da cutar sai an yanki ɗan nama an duba shi a ɗakin gwaji.

Haka kuma akwai batun harshe. Yawancin manhajojin da Turanci suke, alhali da yawa daga masu jinya a Suleja Hausa ko Gbagyi suka fi ji, kuma saƙon murya ya fi musu sauƙi fiye da rubutu. Ga kuɗin data, ga rashin wutar cajin waya. Sannan hoton jikin mutum amana ne. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, don haka mara lafiya yana da haƙƙin sanin wanda zai ga hotonsa da inda za a ajiye shi.

Mafi girman sharaɗi shi ne a samu mai amsawa. Abin da ya yi aiki a New York shi ne ma'aikaciyar jinyar da ke ɗaga waya ta kira idan saƙo ya shigo. Ƙararrawar da ke kaɗawa a ofishin da babu kowa ba ta da amfani, kuma asibitocinmu na fama da ƙarancin ma'aikata yayin da likitoci ke ficewa ƙasashen waje.

Abin da za a iya farawa da shi

Ba sai an jira wata manhaja daga ƙetare ba. Asibitin da ke turawa da wanda ke karɓa za su iya ware lambar WhatsApp guda, da ma'aikaci guda a kowane zagayen aiki, da gajerun tambayoyi cikin Hausa da za a riƙa amsawa sau biyu a mako. Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, wato NICRAT, ita ta fi dacewa ta tsara ƙa'idar hakan. Asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya ya fara ne da sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Akwai buƙatar a waiwayi masu sankarar fata, ciki har da zabiya, waɗanda rana ke haddasa wa wasu nau'o'in cutar tun suna matasa.

Ga iyalai kuwa, a duba tafin ƙafar tsofaffi, da tsakanin yatsu, da farce. Tawadar Allah da ta fara girma, ko gefenta ya zama ba daidai ba, ko launinta ya rarrabu, ko take zubar da jini, da baƙin layi da ke faɗaɗa a farce, da gyambon da ya ƙi warkewa bayan makonni, duk dalilai ne na ganin likita. A ɗauki hoton wurin da tsabar kuɗi ko ma'auni a gefensa, a rubuta kwanan wata, a tafi da shi asibiti. Wanda ke kan magani ya nemi lambar da zai kira tun kafin ya bar gaban likita, kuma ya faɗa wa duk mai kemis ko ma'aikacin lafiya sunan maganin da yake karɓa kafin a ba shi wani.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Melanoma da aka kama tun tana saman fata, tiyata kaɗai kan raba mutum da ita. Gudunmawar waya ita ce rage kwanakin da ke tsakanin ganin alama da isar labari ga wanda ya san abin yi, kuma a wannan cuta kwanakin nan ne ke bambanta rasa ɗan yatsa da rasa rai.