Ƙa'idojin Ruwan Sha da Masu Sana'ar Ruwan Leda

Duk ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a sana'ar ruwan leda ko na gora, to ya shiga ƙarƙashin wasu ƙa'idoji waɗanda asalinsu daga birnin Janiba yake, hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya. Hukumar ta fara fitar da ma'aunin ingancin ruwan sha a shekarar 1958. A 1984 ta mayar da shi jagora wanda kowace ƙasa za ta duba ta tsara nata dokokin, aka kuma sabunta shi a 1993 da 2004 da 2011.

Abin da jagoran ya fi tsanantawa a kai shi ne ƙwayoyin cuta. Bai yarda a sami ko ƙwaya ɗaya ta E. coli a cikin mililita 100 na ruwa ba, domin samunta alama ce cewa najasa ta ɓulla cikin ruwan, kuma ta wannan hanya ce kwalara da taifot ke shiga gidaje. Saboda haka rijiyar burtsatsen da aka haƙa kusa da masai ba ta da amfani ga mai masana'anta, komai garai-garai da ruwanta yake.

Sinadarai kuwa sun fi wuyar ganewa, tunda ido ba ya ganinsu, kuma tafasawa ba ta kawar da su. An ƙayyade dalma da asenik a miligiram 0.01 cikin kowace lita, fulorayid a 1.5, naitiret kuma, wanda takin zamani ke jawowa, a 50. Ƙasar Bangaladash ta ɗanɗana kuɗarta a nan: an haƙa miliyoyin rijiyoyi don guje wa gudawa, sai daga baya aka gano asenik a cikin da yawa daga cikinsu.

A Nijeriya, hukumar SON ce ta fitar da ma'aunin ƙasa mai lamba NIS 554 a 2007, yayin da NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ke yi wa ruwan sayarwa rajista. Wasu masu masana'antu na ganin kuɗin gwaji a matsayin asara, alhali bai kai kuɗin rufe masana'anta da ƙwace kaya ba. Gwaji sau ɗaya kuma ba ya wadatarwa, domin ruwan rijiya yakan sauya da shigowar damina.