Yadda Ake Gano Ainihin Sinadari Kafin Ya Shiga Kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ke sayen sinadarai a duro ko a buhu ya san cewa abin da aka rubuta a jikin mazubi ba lallai ne ya zama abin da ke ciki ba. Tantance gaskiyar wannan al'amari shi ne aikin ɗakunan gwaje-gwaje na kemistiri, irin wanda ke Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda, wato SHESTCO, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a shekarar 1993 a ƙaramar hukumar Kwali, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja.

Idan dai ba a manta ba, a shekarar 1990 yara 109 ne suka rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan maganin farasitamol. Binciken da aka yi ya nuna cewa an haɗa maganin ne da dayetilin gilaikol, wato guba mai lalata ƙoda, a maimakon furofilin gilaikol da ake narkar da magani a ciki. Irin wannan masifa ta sake aukuwa a 2008 da maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, inda aka rasa yara 84. Sinadaran biyu kuwa ido ba ya raba su: dukansu ruwa ne garai mai ɗan kauri, ga kuma ɗan zaƙi.

To, yaya masani ke raba su? Da farko yakan duba launi da wari da kauri, ya gwada ko abin yana narkewa a ruwa, sa'an nan ya auna zafin da yake narkewa ko tafasa, domin kowane tsantsar sinadari yana da nasa ma'auni. Furofilin gilaikol yakan tafasa a wajen digiri 188, shi kuwa mai gubar sai ya kai kusan 245. Amma inda gizo ke saƙar shi ne, mai algus ba ya cika musanya kayan gaba ɗaya, gauraya su yake yi, kuma ɗan kaɗan da aka zuba ba zai bayyana a wannan awo ba. A nan ne ake komawa ga na'urar kuromatogirafi, wadda ke mai da samfurin tururi ta tura shi cikin wani dogon siririn bututu. Kowane sinadari da irin saurin tafiyarsa, saboda haka sai su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, wata na'urar kuma ta auna nauyin ƙwayoyinsu a kwatanta da waɗanda aka riga aka sani. Ƙarafa masu guba kamar dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, da wata na'urar dabam ake gano su.

Masu fataucin amfanin gona ma abin ya shafe su. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami dikulobos a jikinsa, wato sinadarin nan na fiya-fiya da ake zubawa don kashe ƙwari a rumbu, fiye da miligiram 0.01 a kowane kilo da dokarsu ta amince. Kuɗin awon samfur ɗaya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da asarar kwantena guda da aka mayar daga tashar jirgin ruwa, balle sunan da ya ɓaci.

Sai dai sakamakon awo yana magana ne kawai a kan abin da aka kai. Dillalin Dawanau da ya ɗebi hannu ɗaya daga buhun da ke bakin ƙofa bai gwada sitonsa ba. Ƙa'ida ita ce a ɗiba daga buhuna dabam-dabam, sama da tsakiya da ƙasa, a rufe a mazubi mai tsabta, a rubuta kwanan wata da lambar kayan. Haka kuma takardar ɗakin bincike ba ta maye gurbin rajistar hukumar NAFDAC, wadda ita ce doka ta ɗora wa alhakin ba da izinin sayar da magani da abincin da aka sarrafa.