Bukukuwan Kiɗa a Lokacin Zafi: Abin da Ya Kamata Mazauna Agege da Kewaye Su Sani

Birnin Legas ne cibiyar manyan bukukuwan kiɗa a Najeriya, kuma unguwar Agege na da rabonta a cikinsu. Filin wasa na Agege yana daga cikin wurare biyar da gwamnatin jihar ta zaɓa a shekarar 2015 domin bikin ƙarshen shekara na One Lagos Fiesta, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Greater Lagos Fiesta. Can kusa, a Agidingbi da ke Ikeja, akan yi bikin Felabration a kowane watan Oktoba domin tunawa da mawaƙi Fela Anikulapo-Kuti, bikin da 'yarsa Yeni ta ƙirƙiro a 1998.

Hausawa sun daɗe a Agege, tun zamanin da cinikin goro da layin dogo suka haɗa yankin da Kano a farkon ƙarni na 20. A irin waɗannan taruka akan same su a matsayin 'yan kallo, akan kuma same su a bakin ƙofa suna neman halaliyarsu: mai tsire, mai shayi, mai rake, mai ruwan leda. Haka abin yake a wasannin Sallah da na dambe a Idi-Araba, Mile 12 da sauran unguwannin da 'yan Arewa suka yi yawa. Haɗarin da ke jiran dukkansu ɗaya ne, wato haɗuwar zafi da cunkoson jama'a.

Dalilin da ya sa zafin Legas ke yaudara

Wanda ya tashi a Sakkwato ko Kano, inda ma'aunin zafi kan kai digiri 40 a watan Afrilu, yana iya raina zafin Legas, wanda ko a Fabrairu da Maris ba ya wuce digiri 33 zuwa 34 da yawa. Sai dai lambar ma'auni ba ta faɗin komai da komai.

Jikin ɗan Adam yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi, kuma gumi ba ya amfani sai ya bushe. A bazarar Arewa iska busasshiya ce, tana shanye zufa nan take, sai jiki ya ji sanyi. A Legas kuwa, iskar da ke tasowa daga teku cike take da laima, don haka zufa kan jiƙa riga sharkaf ba tare da ta bushe ba. Idan zafi ya kai digiri 33 kuma danshin iska ya kai kashi 70 cikin ɗari, abin da jiki ke ji ya haura digiri 40. Ko da dare ma garin ba ya yin sanyin da aka saba da shi a Arewa.

A watan Fabrairun 2024 an yi fama da irin wannan zafi mai laima a kudancin Afirka ta Yamma, ciki har da Najeriya, har ta kai ana dakatar da wasa domin 'yan ƙwallo su sha ruwa a gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka yi a Kodebuwa. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta gano cewa sauyin yanayi ya ƙara kimanin digiri huɗu a kan zafin da jiki ya ji a lokacin.

Wani abin lura kuma shi ne, a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa a tsakiyar wannan yanayi: 10 ga Afrilu a 2024, da 30 ga Maris a 2025. Ke nan wasannin Sallah suna zuwa ne daidai lokacin da garin ya fi zafi, kuma jiki bai gama murmurewa daga azumin wata guda ba.

Darasi daga bukukuwan ƙasashen waje

Masu shirya bukukuwan kiɗan da ake kira hebi-metal sun daɗe da sanin wannan matsala. Sunan na nufin ƙarfe mai nauyi, kuma salo ne da ya samo asali a birnin Birmingham na Ingila, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. An san shi da ƙarar jita mai aiki da lantarki da ganguna masu girgiza ƙirji. Masoyansa sukan sa baƙaƙen kaya, su yi ta tsalle da gogayya da juna a gaban dandamali na tsawon sa'o'i. Manyan bukukuwansa, kamar na Wacken a Jamus da aka fara a 1990, da Hellfest a garin Clisson na Faransa, duk a fili ake yin su, kuma a lokacin zafin Turai. Baƙin tufafi, motsa jiki da matsatsi abubuwa ne uku da ke saurin ɗumama jiki.

Tarihi ya nuna abin da kan faru idan aka yi sakaci. A watan Yulin 1999 an yi bikin Woodstock a wani tsohon sansanin sojin sama a jihar New York ta Amurka, inda ƙungiyoyi irin su Metallica suka yi wasa a gaban mutane kimanin 200,000. Filin kwalta ne da siminti, inuwa ba ta da yawa, ana kuma sayar da gorar ruwa dala huɗu. Wani matashi ya rasu sakamakon tsananin zafin jiki, bikin kuma ya ƙare da tarzoma da ƙone-ƙone.

A ranar 17 ga Nuwamban 2023 wata matashiya mai shekara 23 ta rasu bayan ta yanke jiki ta faɗi a wajen wasan mawaƙiya Taylor Swift a birnin Rio de Janeiro na Brazil, a ranar da zafin da jiki ke ji ya kusa digiri 60. Mahalarta sun yi ƙorafin cewa an hana su shiga da ruwa. Nan da nan gwamnatin ƙasar ta ba da umarnin a bar mutane su shiga taruka da gorunansu, a kuma tanadi ruwan sha kyauta.

Akwai kuma misali na daban. A watan Yunin 2022, lokacin da zafi ya doshi digiri 40 a yammacin Faransa, an ci gaba da bikin Hellfest, amma ana fesa wa taron jama'a ruwa da mesa, ga kuma wuraren ɗibar ruwa da ma'aikatan agaji a cikin fili. Abin da ya bambanta waɗannan taruka shi ne tanadi.

Yadda ake gane haɗari

Likitoci sun raba illar zafi gida biyu. Ta farko ita ce galabaita: zufa mai yawa, jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. Wanda ya ji haka ya fice daga cikin taro, ya nemi inuwa, ya sassauta tufafinsa, ya riƙa kurɓar ruwa a hankali. Ruwan gishiri da sukari na taimakawa: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, wato leda biyu, da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ta biyu ita ce bugun zafi, lokacin da ɗumin jiki ya haura digiri 40. Alamarta babba ita ce ruɗewa: mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko farfaɗiya, ko ya suma. Sau da yawa akan ɗauka maye ne ko iskokai, har lokaci ya ƙure. Wannan lamari ne na rai da mutuwa. A kwantar da shi a inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki, a sa ƙanƙara a wuya da hammata, a yi ta yi masa fifita, a kuma kira agaji nan take. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767.

Waɗanda suka fi shiga haɗari sun haɗa da ƙananan yara, tsofaffi, masu juna biyu, masu hawan jini ko ciwon sukari, da masu cutar sikila, waɗanda ƙarancin ruwa ke tayar musu da ciwo. Barasa da ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin suna ƙara dagula al'amari, domin suna dusashe alamun da jiki ke bayarwa. Masu sana'a a bakin fili ma suna ciki, musamman mai tsire da ke tsaye a gaban garwashi tun la'asar har tsakar dare.

Shiri kafin fita

Rigakafi ya fi magani. A duba hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, wadda kan fitar da gargaɗi a kwanakin tsananin zafi. A fara shan ruwa tun daga gida, kada a jira ƙishirwa, domin mai rawa cikin zafi na iya zubar da fiye da lita guda ta gumi a sa'a ɗaya. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. A sa tufafin auduga masu haske da yalwa, a ci abinci, a guji tsayuwar layi a tsakar rana.

Da an shiga fili, a fara lura da ƙofofin fita. Masana harkar taro sun ce haɗari kan fara ne idan mutane suka haura biyar a murabba'in mita ɗaya. Wanda ya ji ba ya iya ɗaga hannunsa, ko taro na kaɗa shi kamar igiyar ruwa, ya kare ƙirjinsa da hannuwa, ya riƙa zamewa ta gefe, kada ya sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi. Turmutsitsin da ya ci rayukan yara 35 a Ibadan a watan Disamban 2024 ya isa ishara.

Kunne ma na da haƙƙi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar sauti a wuraren shaƙatawa ya wuce desibel 100, tana mai gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na fuskantar barazanar raunin ji. Nisantar lasifika ya fi arha a kan neman magani.

Nauyin da ke kan masu shiryawa

Duk da haka, kulawar ɗan kallo kaɗai ba ta wadatar ba. Shi ba ya iya kafa rumfa, ba ya iya buɗe ƙofar da aka kulle, ba ya iya ƙayyade yawan tikitin da za a sayar. Wannan aikin masu shirya biki ne da hukumomi irin su Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Jihar Legas da hukumar agajin gaggawa ta LASEMA. Ruwan sha kyauta ko mai rahusa, inuwa, motar asibiti a kusa, ƙofofi a buɗe, da jinkirta wasa zuwa bayan la'asar, su ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a tanada.

Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin matasa da na 'yan kasuwa a Agege da sauran unguwanni suna da ta cewa a nan, tun da sau da yawa da saninsu ake shirya wasannin Sallah da na dambe. Idan suka sa tanadin ruwa da inuwa da ma'aikacin lafiya a cikin sharuɗɗan amincewarsu, za a yi biki a watse lafiya, kowa ya koma ga iyalinsa.