Idan Masu Koyar da Aikin Jinya Suna Gaba da Juna

Ɗaliba ce tsaye a gaban gado a ɗakin gwaji, da tire a hannu, za ta nuna yadda ake wanke ciwo. A aji an koya mata hanya guda. Da ta je asibiti, malamar da ke duba su a can ta ce ba haka ake yi ba. Yau ga malaman nan biyu zaune da takardar maki, kuma wata uku ke nan ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su. Duk hanyar da yarinyar ta bi, ɗaya za ta ɓata rai.

Akan ce halin mutane ne. Ni ban yarda ba. Yawancin saɓanin da ke makarantun koyon aikin jinya tsarin aikin ne ke haifar da shi.

A duba yadda ake shiga koyarwar. Akwai tsofaffin hannu da suka yi shekara uku a makarantar jinya ta asibiti, suka daɗe suna kwanan aiki a kan marasa lafiya, daga baya suka yi kwas ɗin koyarwa. Akwai kuma masu digiri, hanyar da Jami'ar Ibadan ta buɗe tun 1965. Na farko na ganin na biyu bai san warin asibiti ba, na biyu na ganin na farko ya tsaya a jiya. Da aka fara mayar da makarantun kwalejoji masu ba da ND da HND, sai hukumar NBTE da ke Kaduna ta shigo da nata sharuɗɗan, a kan na Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma wadda dokar 1979 ta kafa. Takarda ta ƙara daraja, har ta kai ɗalibin jiya kan zama shugaban sashen malamarsa. Wannan kuwa ba kowace zuciya ke iya haɗiye shi ba.

Ga kuma ƙarancin hannu. A farkon 2024 hukumar jinyar ta ce ma'aikata fiye da 15,000 sun bar Najeriya a 2023 kaɗai. Idan ƙwararru suka tafi Ingila, darasin da suka bari wani ake ɗora wa, kuma a wurin rabon jadawali ake fara ƙunƙuni.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke rufe maganar. Kawaici hali ne mai kyau, amma a wurin aiki yakan zama rumbun ajiye fushi. A tambayi mutum, ya ce "ba komai", alhali akwai komai. Daga nan sai kai ƙara a ɓoye, sai ɓangaranci, sai ɗalibai su gane wace malama ce ba ta son a ambaci sunan wace. Su kuwa sun fi kowa saurin ganewa, kuma da wannan ɗabi'ar za su shiga asibiti, inda rashin magana tsakanin nas biyu a lokacin miƙa aiki kan sa a manta da allurar majinyaci.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A rubuta rabon darussa da na duba ɗalibai a asibiti, a liƙa kowa ya gani. Malaman aji da na asibiti su zauna kafin jarrabawar gwaji su amince da takardar maki guda. Shugaba kuma kada ya yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Ya kira su biyun, ya rufe ƙofa, ya ce: "Hajiya, faɗi naki a gabanta. Malama, ke ma za ki faɗi naki." A tsaya kan aikin da aka saɓa a kai, ban da tonon asiri.

Shugabannin kwalejoji, kafin zangon karatu mai zuwa, ku fara da jadawalin nan.